Tambayi Likita: Kaluluwar da ta ƙi sauka, da maganar kuɗin magani

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ƙanina ne, shekararsa 26, tun damina kaluluwa ta fito masa a wuya ba zafi ba komai, muka yi ta zuwa kemis ana ba shi kafso da allura, ta ɗan sauka ta dawo, har maganin tibi ya sha babu sauyi, ga zufa cikin dare sai ya jiƙe zanin gado sharkaf, ya rame sosai. Yanzu a asibiti sun ce suna zargin limfoma wai sai an yanki nama an kai gwaji, wani kuma ya ce mana maganin miliyoyi ne. Mama ta ce ba wanda zai sa wa ɗanta ƙarfe tunda daji ne. Likita wane irin ciwo ne wannan, ana warkewa kuwa? Kuma talaka zai iya? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Limfoma sankara ce ta wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke yi wa jiki gadi, su kuma mazauninsu shi ne kaluluwa ta wuya da hammata da matsematsi, har cikin ƙirji da ciki da saifa akwai su. Kaluluwar da muka saba da ita, wadda ke fitowa in an ji ciwo a ƙafa ko haƙori na ciwo, tana zafi kuma sati ɗaya zuwa biyu ta koma. Wadda ba ta zafi, ta yi wata da watanni tana ƙara girma, ga zazzaɓi ga zufar dare ga rama, wannan kam dole a duba. Amma fa har yanzu zargi ne, don tibin kaluluwa ma haka yake zuwa sak, shi ya sa da yawa ake ɗora su a kan maganin tibi lokaci na tafiya.

Toh ki lallaɓa Mama, cikin ladabi, ki ce mata wannan yankan ba shi ke sa ciwon ya bazu ba. Kaluluwa ɗaya ake cirewa, aikin ɗan lokaci ne, in ta wuya ce sau da yawa ko kwana ba a yi. Kuma ku daina zuwa kemis daga yau, musamman kar a ƙara ba shi deksa ko firednisolon, wataƙila ma su ne suka sa ta sauka ta dawo, suna rage girman limfoma na ɗan lokaci su rikita sakamakon gwajin, a zo a sake yanka a sake biya.

Me ya sa nake nacewa a kan gwajin nan? Saboda limfoma ba ciwo ɗaya ba ne, kala-kala ne sun haura sittin, kuma nau'in shi ke faɗar magani, shi ke faɗar kuɗi. Akwai mai suna Hodgkin, sunan likitan Ingila da ya bayyana shi a 1832, ya fi kama matasa sa'o'in ƙaninki, kuma inda aka samu magani yadda ya kamata sama da takwas cikin goma suna warkewa, warkewa ta gaske. Sauran duk ana ce musu waɗanda ba Hodgkin ba, a cikinsu akwai mai gaggawa wanda duk da haka wajen shida cikin goma kan warke da cikakken magani, akwai kuma mai tafiyar hawainiya wanda ba kasafai ake raba mutum da shi ba amma yana shekaru yana harkokinsa, wani ma likita ya ce a sa ido kawai tukuna.

Yanzu maganar kuɗi, ba zan ɓoye miki ba akwai nauyi. Bayan yanka akwai gwaji na biyu da ake yi wa naman don a gane nau'in, akwai hoton ƙirji da ciki, gwajin zuciya, gwajin ciwon hanta na B da na cuta mai karya garkuwar jiki. Kar ku ce za ku tsallake na hantar don ragin kuɗi, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, na iya tayar da ƙwayar cutar da take kwance. In Hodgkin ne ana ba da haɗin magungunan kemo mai suna ABVD duk sati biyu, tsofaffin magunguna ne kuma sun fi dama-dama a farashi. In mai gaggawan nan ne na waɗanda ba Hodgkin ba yawanci haɗin R-CHOP ne duk kwana 21 har zagaye shida, to wannan R ɗin, wato rituksimab, shi ne mai cin gona da gida, da shi ne lissafi ke shiga miliyoyi, ana auna shi da tsayi da nauyin mutum, babba kan buƙaci kwalbar 500mg da ƙarin ƙananan 100mg a kowane zagaye, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 komai ya ninka. Yanzu akwai irinsa na wasu kamfanoni, ciki har da na Indiya, masu sauƙin kuɗi, ku tambayi likita kai tsaye. In ma ya gagara gaba ɗaya ku faɗa masa gaskiya ba kunya, CHOP ba tare da R ɗin ba yana aiki, bai kai ba amma ya fi zama a gida nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna kullum shi ne a sayar da komai a yi zagaye biyu, kaluluwa ta ɓace, dangi su ce alhamdulillahi ya warke a daina zuwa, bayan 'yan watanni ta dawo da ƙarfinta kuma wannan karon ba lallai ta ji maganin farko ba. Don haka tun ranar farko ku sa a rubuta muku kiyasin duka zagayen, ku ɗora kuɗin mota da masauki da ledar jini da allurar ƙara fararen ƙwayoyin jini, a zauna da dangi a raba nauyin wata-wata, masu ba da jini ma a tanade su a cikin gida.

Ku nemi sashen cututtukan jini a asibitin koyarwa, ku na Funtuwa Shika a Zariya ya fi muku kusa, ko na Malam Aminu Kano. Duka biyun suna cikin asibitocin da aka fara shirin rangwamen magungunan kemo da su a 2019, ku tambaya a kantin maganin asibitin kafin ku sayo a waje, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Asusun tallafin sankara na gwamnatin tarayya kuwa da sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta furostet, wadda ke kama maza, aka fara shi, kar ku jingina da shi kaɗai. Ku leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da kwamitin zakka, in yana da inshorar lafiya a duba me ta ɗauka. Sannan in an fara kemo ya yi zazzaɓi zafin jiki ya kai digiri 38 ko da tsakar dare ne asibiti za a kai shi, ba farasitamol ba.

TAMBAYA: Likita ɗan maƙociyata ɗan shekara 6 kumatunsa ya kumbura cikin sati biyu har haƙora na girgiɗi, ana ta cewa hangum ne. Daga Hadeja.

AMSA: Hangum ba ya girgiɗa haƙora kuma cikin kwana goma yake wucewa. A kai shi sashen yara na babban asibiti gobe-goben nan, ina tsoron limfomar Burkitt ce, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a yaran Uganda a 1958, ta fi yawa a inda maleriya ta yi katutu kamar wajenmu. Saurin girmanta ya wuce misali amma kuma tana jin kemo da sauri in an zo da wuri. Kar a bari kowa ya cire haƙorin ko ya tsaga wajen.