Littafi ya ce ma'anarsu ɗaya, malami kuma ya soke da jan biro

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji shida a sakandare, ina shirin WAEC da JAMB. Na haddace shafuka da dama na kalmomin Turanci masu ma'ana ɗaya da kishiyoyinsu. Amma da na rubuta "my large sister" da "powerful tea" a insha'i, malaminmu ya soke su, ya mayar da su "big sister" da "strong tea". Alhali littafin ya ce "big" da "large" ɗaya ne, haka ma "strong" da "powerful". Wa ya yi kuskure, malamin ko littafin? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Malaminki ya yi daidai. Littafin ma bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa miki ya yi shiru. Kama da wane ba wane ba ne: da wuya ki sami kalmomi biyu a Turanci da za a cire ɗaya a sa ɗaya a kowace jimla ba tare da wani abu ya canza ba.

"Big sister" yayarki ce, ko da kin fi ta jiki. "Large sister" kuwa, in Bature ya ji, ƙatuwar mace zai hango. A kan gida ko gona kalmomin biyu suna haɗuwa, a kan 'yar'uwa sai su rabu. Shi kuma shayi, "strong" ake ce masa idan ganye ya kama, "powerful" na inji ne da mai mulki. Babu wata doka ta nahawu a nan, sabo ne kawai: wasu kalmomi sun saba tafiya tare. Iska "strong wind" ce, amma ruwan sama "heavy rain". Dogon mutum "tall" ne, doguwar katanga "high wall". Jerin da kika haddace ba ya nuna wannan, domin ya tsame kowace kalma daga cikin jimlarta ya ajiye ta ita kaɗai.

Akwai dalilin tarihi da ya sa Turanci ya cika da irin waɗannan tagwaye. A 1066 William, sarkin yankin Normandy na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan aka shafe kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, Latin na coci da masu ilimi, talakawa kuma suna ta Turancinsu na gado. Sai abu ɗaya ya wayi gari da suna biyu ko uku, kowanne da matsayinsa. "Ask" ta gida ce, "question" daga Faransanci, "interrogate" daga Latin. Uwa za ta yi wa ɗanta "ask", ɗan sanda ne ke "interrogate". Haka "begin" da "commence", haka "buy" da "purchase": ta farko ta hira ce, ta biyu ta takardar ofis. Har dabba da namanta suka rabu: "cow" da "beef", "sheep" da "mutton", sunan dabbar na Turancin gado, sunan naman daga Faransanci. Ɗalibanmu suna da son ɗaukar doguwar kalmar don burge mai duba takarda, sai ka ga an rubuta wa aboki wasiƙa da harshen sammacin kotu. Ni dai ban taɓa ganin hakan ya ƙara wa kowa maki ba.

Sannan akwai yabo da zagi da ke ɓoye a cikin kalma. "Slim", "thin" da "skinny" duk rashin ƙiba ne, amma ta farko yabo ce, ta ƙarshe kuwa kusan cewa ne mutum ya rame ya ƙanjame. "Famous" shahara ce, "notorious" ƙaurin suna. "Childlike" tsarkin zuciya irin na yaro, "childish" wautar yarinta. Littafin da ya fi shahara wajen tara irin waɗannan kalmomi, wanda wani likita mai suna Peter Mark Roget ya fitar a 1852, an tsara shi ne don ya tuna wa marubuci kalmar da ya riga ya sani ta kuɓuce masa, ba don ya koya masa sabuwa ba.

Kishiyoyi ma ba iri ɗaya ba ne. Tsakanin "hot" da "cold" akwai matakai, akwai "warm" akwai "cool", don haka ruwan da ba "hot" ba ba lallai ne ya zama "cold" ba. Tsakanin "alive" da "dead" babu tsaka-tsaki. Sai iri na uku, inda aiki ɗaya ne ake kallo ta fuska biyu: "buy" da "sell", "lend" da "borrow". A nan ne Bahaushe ya fi tuntuɓe, saboda mu saiwa ɗaya muke juyawa, na ari biro, ara mini biro. Shi ya sa "borrow me your pen" ya cika makarantunmu, alhali mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa ne ke "borrow".

Abin da zai fi yi miki amfani a zauren jarrabawa shi ne sanin cewa kalma ɗaya tana iya samun kishiya fiye da ɗaya. "Old" kishiyarta "young" ce a kan mutum, "new" a kan mota. "Right" tana da "left" tana da "wrong". A ce an ba ki "The judge gave him a light sentence", aka ce ki nemo kishiyar "light". Wanda ya yi hadda zai ruga ya ɗauki "dark", kuma masu tsara tambaya sun san haka, shi ya sa suke ajiye ta a cikin zaɓin. Amma hukunci ake magana, mai sauƙi, don haka "severe" ce amsa. Kada ki zaɓi komai sai kin mayar da shi cikin jimlar kin karanta daga farko.

Ki yi hattara da ɗafa-goshi kuma. Yawanci "un-", "in-" da "dis-" suna juya ma'ana, amma "invaluable" ba kishiyar "valuable" ba ce, abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ne. "Inflammable" da "flammable" duk abin da ke saurin kama wuta ne, za ki ga ko wacce a jikin tankar mai.

Shawarata, kada ki yar da jerin naki, amma ki nemi ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ke kawo misalan jimloli a ƙarƙashin kowace kalma. Duk kalmar da za ta shiga littafinki, ta shiga da jimlarta guda da kalmomin da ta saba rakiya da su. Ki fara da "strong" da "powerful" ɗin nan, ki rubuta abubuwa biyar-biyar da kowacce ke siffantawa, ki kai wa malaminki ya duba.