Tambaya da Amsa: Tseren babur na Tsibirin Man

*Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo a waya, babura na wucewa ta ƙofar gidajen mutane kamar harsashi, jama'a na zaune a kan katanga suna kallo. A ina ake yin wannan, kuma da sanin hukuma? — Wani bakanike, Zariya*

Wa alaikumus salam, Malam. Tseren TT (Tourist Trophy) ne ka gani, wanda ake yi a Tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. An fara shi a 1907. A lokacin dokar Birtaniya ta hana tsere a kan titi, amma tsibirin na da majalisarsa, Tynwald, wadda ta yi dokar rufe hanya tun 1904. Hanyar da ake bi tun 1911 kilomita 60.7 ce, da kwana fiye da 200, ta ratsa ƙauyuka ta hau dutsen Snaefell. Ba a tashi gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu da tazarar daƙiƙa goma, agogo ne alƙali. A 2023 Peter Hickman ya zagaye ta cikin minti 16 da daƙiƙa 36, wato matsakaicin gudun kilomita 219 a awa, har da kwanonin da ake rarrafawa a giya ɗaya.

*Tunda an rufe hanya, ba mota ba mai tafiya a ƙasa, me kuma yake kashe su? — Wata ɗaliba, Maraɗi*

'Yar'uwa, rufe ta aka yi, ba a sake mata hali ba. A filin tsere na musamman, in ka faɗi akwai fili da tsakuwar da za ta rage maka gudu. A nan abin da ke gefenka katangar dutse ce, turken fitila, bishiya, bangon gida. Ana ɗaure katifu a wuraren da suka fi muni, amma wa zai lulluɓe kilomita sittin?

Ita kanta kwaltar ta kullum ce: faci, murfin kwalbati, farin fenti mai santsi. Ƙarƙashin bishiyoyi laima kan kwana ba ta bushe ba alhali sauran hanya ƙayau take. Mahayi ya fito daga inuwa rana ta doke shi a ido, ga ƙwari sun manne a gilashin hular kwano. Shi ya sa suke liƙa siraran ledoji a kai, suna ɓarewa ɗaya-ɗaya. A gadar Ballaugh babur kan tashi sama ɗungurungum. In tayar gaba ta sauka a karkace, kan babur ya ɗauki kaɗawa hagu da dama har ya ƙwace daga hannu. A miƙen Sulby, inda ake kai kilomita 300 a awa, tsuntsu ma ya isa. Sama da mahaya 260 ne suka mutu a wannan hanya, a TT da Manx Grand Prix, wani tseren babur da ake yi a kanta. A 2022 kaɗai an rasa shida.

*Yaya suke yi da mai? — Ɗan acaɓa, Gusau*

Babban tseren zagaye shida ne, wajen kilomita 364. Tanki lita 24 yake ci, zagaye biyu yake kaiwa, don haka tsayawa biyu ce. Cikin ƙasa da minti ɗaya za a cika tanki, a sauya tayar baya da gilashin hula, a miƙa masa ruwa. Wurin shan mai ba a wuce kilomita 60 a awa. Wani mahayi, Guy Martin, ya gota da ƙiris a 2010, aka ƙara masa daƙiƙa 30.

*Jarumta ce wannan ko ganganci? — Wani dattijo, Kano*

Baba, a ganinmu mai ganganci ba ya daɗewa a can. Sabon shiga kan yi watanni yana haddar hanya a mota da bidiyo, ya fara zagaye a bayan tsohon hannu, ya sa riga ruwan lemo don a gane shi. Kwana da yawa ba a ganin bayansu, da hadda ake shiga, totur a buɗe. Duk da haka zakaran duniya Giacomo Agostini ya daina zuwa bayan abokinsa Gilberto Parlotti ya mutu a tseren a 1972. Bayan 1976 aka cire TT daga gasar duniya.

Sai gidan Dunlop na Arewacin Ailan. Joey ya ci TT sau 26, ya mutu yana tsere a Istoniya a 2000. Ƙanensa Robert ya mutu a gwajin North West 200, wani tseren titi na Arewacin Ailan, a 2008. Bayan kwana biyu ɗansa Michael ya hau babur ya lashe tseren da uban ke wa shiri. Yayan Michael, William, ya mutu a 2018. A 2024 Michael ya wuce 26 ɗin baffansa.