Zan ba mahaifiyar wadda zan aura jini, shin auren zai haramta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Dan Allah mahaifiyar yarinyar da zan aura ce kwance a asibiti za ai mata tiyata, likita yace a nemo leda biyu na jini, an gwada nawa yazo daidai da nata, ni kuma tunda nake ban taɓa bada jini ba. Sai gwaggona tace wai in na bayar yarinyar ta haramta a gareni don jini ya gauraya kamar shayarwa. Ga shi kuma muna cikin azumi. Sannan yayan yarinyar yace zai ban ɗan wani abu na sha maltina, ya halatta na karɓa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana je ka bada jinin nan, aurenka na nan daram. Allah yace a Ma'ida aya ta 32 wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya, kuma jinin da aka haramta sha da ci, lalura ta halatta a ƙara wa mara lafiya shi in likita yace babu makawa.

Maganar Gwaggo, Allah ya saka mata, tsoron Allah ne yasa ta faɗa amma ba haka hukuncin yake ba. Abin da ke haramta aure uku ne, nasaba da surukuta da shayarwa, ita shayarwar ma nassi, wato Alƙur'ani da hadisi, nono ya ambata, kuma sai jariri ya sha cikin shekara biyun farko. Jini ba nono bane, wadda za a ƙara wa kuma ba jaririya ba ce. Kai in ma za a bi wannan ƙiyasin ai tsohuwar ce zata koma 'yarka, yarinyar ta zama jikarka, ka ga ba mai hankalin da zai faɗi haka. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta zauna kan wannan a 1989 ta ce ƙarin jini ba ya haramta aure ko da yaro ƙasa da shekara biyu aka ƙara wa. Ka faɗa mata cikin ladabi, banda gardama.

Azumi kuwa malamai da ƙaho suke kwatanta shi, irin na wanzamai. Hanabila, mabiya mazhabar Ahmad bin Hanbal, sunce ƙaho na karya azumi saboda hadisin "mai ƙaho da wanda aka yi wa sun sha ruwa". Malik da Shafi'i da Abu Hanifa sunce baya karyawa, hujjarsu hadisin Ibn Abbas a Bukhari cewa Annabi (SAW) yayi ƙaho yana azumi, sannan da aka tambayi Anas ko kuna ƙin ƙaho ga mai azumi yace a'a sai dai don gudun rauni. Haka Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ma ta kawo, kuma nan na fi natsuwa. To amma fa abin da za a ɗiba kusan mililita 450 ne, ga zafi ga ƙishi ga shi karonka na farko, in tiyatar zata iya jira ka bari sai bayan buɗa baki, ka ci abinci ka sha ruwa sosai kaje, ka huta da saɓanin ma gaba ɗaya. In kuma gaggawa ce rai ake ceto ka bayar da rana, idan jiri ya ɗebe ka har ka kasa, sha ruwa ka rama kwana ɗaya, ba kaffara a kanka. Alwalarka ma bata karye ba a mazhabar Malik, wanke inda jini ya taɓa kawai.

Wani abin da mutane ke wasa da shi kuma amana ce: tambayoyin da ma'aikatan zasu yi maka kafin a saka allura. Zasu auna nauyinka, ana so ya kai kilo 50, su duba yawan jininka, su gwada ƙanjamau da ciwon hanta. In kana shan wani magani ko kwanan nan kayi zazzaɓi ko kana da wata larura faɗi gaskiya, kar kunyar surukai tasa ka ɓoye, don cutar da ita haramun ne ko da niyyar taimako kazo. In suka ce jininka bai isa ba haƙura, ladan niyya ka samu. Bayan an gama zauna ka huta, kar ka zabura ka hau mashin, kuma ranar ba ɗaukar kaya mai nauyi.

Kuɗi kuma, hadisin Abu Juhaifa a Bukhari ya hana cin kuɗin sayar da jini, saboda haka ba ciniki ba sharaɗi. Wanda ya rasa mai bashi kyauta dole ta sa ya saya ba laifi a kansa, laifin na mai sayarwa ne. In bayan ka bayar suka kawo maka maltina da madara don kansu sha abinka, kyauta ce. Amma kuɗi a hannu daga gidan da kake neman aure, ni dai da ni ne bazan karɓa ba.

Allah ya bata lafiya. Wallahu a'alam.