Agogon da wai yake auna suga, da sauran tambayoyinku

Anty, wata koci a WhatsApp ta ce in riƙa biyan 15,000 duk wata ta sa ni a gurup ɗin rage tumbi, har da shayin da zata aiko min. In biya? Daga wata ƴar'uwa a Kaduna.

A'a ƙanwata. Tambaye ta lambar NAFDAC ta shayin kiga yadda zata fara kame-kame. Irin wannan shayin da yawa gudawa yake sa mutum, ruwan jiki ne ke fita, kitsen na nan zaune. Abin da ke amfani a gurup shine tunatarwa da jin nauyin abokan tafiya, to ke da ƙawayenki uku ku buɗe naku kyauta, kowa ta turo tafiyar da tayi yau da abin da taci.

Hajiya, Baba na da ciwon suga kuma ya tsani a soka masa yatsa, har ɓoye na'urar yake. Na ga ana tallan agogo a Facebook mai auna suga da hawan jini ba tare da jini ba. Wallahi hankalina a tashe yake. Daga wani a Zariya.

Allah ya yi maka albarka ɗana, kulawar nan da kake wa Baba ba ƙaramin abu bane. Amma kar ka sayi agogon nan, dan Allah kar ka saya. A watan Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ta gargaɗi mutane cewa bata amince da wani agogo ko zobe mai iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ko guda ɗaya. Kuma wannan abin ne ke ƙona min rai, mutum zai yi cinikin buhun shinkafa har gumi ya keto masa amma da yaga agogo mai haske a bidiyo sai ya tura kuɗi ba tambaya, alhali lambar da zai nuna ƙarya ce, kuma da wannan lambar dattijo zai ce ai sugana ya sauka ya ajiye maganinsa, ko ya ƙara allurar insulin ya faɗi a tsakar gida. Haka manhajojin nan da ake cewa ka ɗora yatsa a kan kyamarar waya ta faɗa maka hawan jini, ka goge su.

Waya tana taimakawa, ta wajen tunatarwa. A Senegal tun 2014 ma'aikatar lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara tura wa masu ciwon suga saƙon tes lokacin azumi, kan abinci da shan ruwa da magani. Kai ma ka sa wa Baba alam na lokacin magani, ka rubuta sakamakon awo da kwanan wata ka nuna wa likita ranar kilinik. A soka a gefen yatsa, ya fi tsakiya sauƙin zafi, a canza allurar duk awo, a riƙa sauya yatsa.

Dole sai na yi taku 10,000 kullum? Wayata bata ƙirgawa, in sayi sabuwa? Daga Sakkwato.

Haba malam, sabuwar waya saboda ƙirga taku? Wannan 10,000 ɗin daga tallan wata na'urar ƙirga taku aka samo shi a Japan a 1965. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki a sati ta ce aƙalla, wato minti 30 sau biyar. Bayan sallar asuba ka taka da sauri minti 15 ka juyo gida, agogon wayar da ke hannunka ya ishe ka.