Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Kokawa Ta Cancanci Gurbi a Manyan Gasannin Duniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai bibiyar wannan fili ne daga Gusau. Na ji a rediyo cewa an cire kokawa daga jerin wasannin gasar ƙasashe renon Ingila ta 2026 a birnin Gilasgo, kuma na ji wasu suna ta ƙorafi a kai. Ni dai a iya sanina kokawa iri biyu ce, wato ta ƙauye da samari ke yi bayan kaka, da kuma resilin da yara ke kallo a talabijin, wanda kowa ya san shiri ne. To wacce daga ciki ake so a kai gaban duniya, kuma me ya sa ta cancanci gurbi alhali ga ƙwallon ƙafa da guje-guje da jama'a suka fi so?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, mun gode da wannan tambaya. Labarin da ka ji gaskiya ne, domin a watan Oktoban 2024 aka sanar da cewa wasanni goma kacal za a yi a Gilasgo saboda a rage kashe kuɗi, kuma kokawa ba ta cikinsu. Masu ƙorafin suna da dalili, musamman a Najeriya, inda 'yan kokawa mata uku, Blessing Oborududu da Odunayo Adekuoroye da Mercy Genesis, suka ciyo wa ƙasar lambobin zinare a gasar da ta gabata a Bamingam a 2022.

Resilin na talabijin ba ya cikin wannan magana, domin wasan kwaikwayo ne da aka san wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali. Kokawar da ake yi a gasar Olamfik ta fi kusa da wadda ka sani a ƙauye. Mutum biyu masu nauyi ɗaya ne ke shiga da'ira mai faɗin mita 9 a kan katifa, babu naushi, babu shuri, su yi zagaye biyu na minti uku-uku, kuma wanda ya danne kafaɗun abokin karawarsa biyu a ƙasa, ko ya fi shi maki, shi ya ci. Salo biyu ne: akwai na sake, wanda a cikinsa an yarda a kama ƙafa a kuma yi taɗiya, akwai kuma wanda ake kira na Girka da Rum, wanda ba a yarda a kama mutum ƙasa da ƙugu ba.

Dalili na farko da ake yawan kawowa shi ne daɗewa. Girkawan dā sun shigar da kokawa cikin gasarsu ta Olamfik a shekara ta 708 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da aka farfaɗo da gasar a birnin Atens a 1896 tana cikin wasannin da aka fara da su. Daga 1904 zuwa yau, babu gasar Olamfik ta lokacin zafi da aka yi ba tare da ita ba. Sai dai ni a nawa ganin daɗewa kaɗai hujja ce mai rauni, domin wasan jan igiya ma ya taɓa zama a Olamfik har zuwa 1920, aka cire shi, duniya kuma ba ta tsaya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce, kokawa wasa ce da kusan kowace al'umma ta ƙirƙiro wa kanta ba tare da wani ya kawo mata ba. Ƙwallon ƙafa Turawan Ingila ne suka tsara dokokinta suka bi duniya da ita, haka kurket, haka tanis. Amma babu wanda ya koya wa Bahaushe kokawa, kamar yadda babu wanda ya koya wa mutanen duwatsun Nuba a Sudan, ko Sanigalawa da ke cika filaye a Dakar, ko Turkawa da ke shafe jikinsu da man zaitun a bikin Kirkpinar na garin Edirne, ko makiyayan Mongoliya a bikinsu na Naadam. A ƙasar Masar, a kaburburan Bani Hasan, akwai zanen ɗaruruwan 'yan kokawa a bango da ya kai kusan shekara 4,000, kuma duk ɗan kokawar da ya dube shi a yau zai gane irin kamun da ake yi. Ko a tarihin Musulunci, malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana, wanda ya shahara da ƙarfi a Makka, ya kuma kayar da shi. Idan har gasa ta amsa sunan ta duniya, to da wuya a sami hujjar barin wasan da kowa ya zo da shi daga gidan ubansa.

Wannan yana da tasiri a kan rabon lambobi, kuma a nan ne nake so ka ɗan tsaya ka duba. Wasu wasannin Olamfik ƙofarsu a rufe take ga talaka tun daga farko, domin tseren kwale-kwale yana buƙatar jirgi mai tsada, sukuwar tsallake shinge tana buƙatar dokin da kuɗinsa zai gina makarantu, ninƙaya kuma tana buƙatar tafki na zamani da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa. Kokawa kuwa katifa ce da mai horarwa, kuma a matakin farko ko katifar ba dole ba ce. Na taɓa tsayawa a bakin fili a wani ƙauye da yamma bayan an gama girbi, inda duk kayan wasan ba su wuce yashi da kalangu da bante da layu ba. Wani siririn saurayi, wanda 'yan kallo suka fara yi wa dariya tun yana zagaya fili ana masa kirari, ya bar wani ƙato ya yi ta turo shi har gab da inda muke tsaye, sannan ya ɗan kauce, ya saƙala masa ƙafa, ya yi amfani da nauyin ƙaton ya kai shi ƙasa. Wannan dabarar, da ɗan gyara kaɗan, ita ce ake ba wa maki a Olamfik. Shi ya sa a gasar Landan ta 2012 ƙasashe 71 suka shiga kokawa, 29 daga cikinsu kuma suka koma gida da lamba.

Ka duba waɗanda suka ci moriyar wannan buɗaɗɗiyar ƙofa. Lambar farko da wani ɗan Indiya ya ci shi kaɗai bayan samun 'yancin ƙasar ta kokawa ce, wadda K. D. Jadhav ya samu a Helsinki a 1952. Ibrahim Mustafa na Masar ya ci zinare tun a 1928. Mijaín López na Kyuba, ƙasar da ta daɗe cikin takunkumi da ƙuncin tattalin arziki, ya ci zinare sau biyar a jere daga 2008 zuwa 2024, abin da babu ɗan wasan da ya taɓa yi a wasan mutum ɗaya, kuma da ya gama karawarsa ta ƙarshe a Faris sai ya durƙusa, ya kwance takalmansa, ya ajiye su a tsakiyar katifa ya fita, wanda a al'adar 'yan kokawa alama ce ta cewa mutum ya yi ritaya. A gasar Tokiyo da aka yi a 2021, lamba biyu kacal Najeriya ta samu, kuma mafi darajarsu ita ce azurfar da Oborududu ta ci a ajin kilo 68.

Amma kada ka ɗauka cewa masu shakka irinka ba su da abin faɗa, domin hukumar Olamfik ta duniya da kanta ta taɓa yin irin tambayarka. A ranar 12 ga Fabrairun 2013, kwamitin zartarwarta ya zauna a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan ya ba da shawarar a cire kokawa daga jerin wasannin dindindin, farawa daga gasar 2020. Laifin kuwa har da na shugabannin kokawar, waɗanda suka saki jiki suna ganin tsufan wasan ya isa ya kare shi. Dokokin da suke amfani da su a lokacin sun rikitar da 'yan kallo, kuma sun ba wa mai noƙewa dama ya ci wasa. Abin ya kai ga idan aka gama zagaye a salon sake babu wanda ya ci maki, sai a zura hannu cikin jaka a zaro ƙwallo ja ko shuɗi, wanda launinsa ya fito a ba shi damar fara kama ƙafar ɗan'uwansa. Mutumin da ya shekara huɗu yana horo sai ya wayi gari ƙuri'a ce za ta yanke masa hukunci.

Abin da ya biyo baya shi kansa hujja ne. Cikin 'yan kwanaki shugaban hukumar kokawa ta duniya, Raphaël Martinetti, ya sauka, Nenad Lalović na Sabiya ya karɓa, aka soke ƙuri'ar ƙwallo, aka koma tara maki, aka kuma tsananta hukunci ga mai gudun karo. An ƙara wa mata ajin nauyi daga huɗu zuwa shida, daidai da kowane salon maza. A watan Mayun shekarar, Amurka da Iran da Rasha, waɗanda da wuya ka ji bakinsu ya zo ɗaya a kan wani al'amari, suka haɗa 'yan wasansu a babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin New York suka yi kokawa a gaban jama'a domin nuna goyon baya. Da aka je kaɗa ƙuri'a a birnin Buenos Aires na Ajantina ranar 8 ga Satumba, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya gaban wakilai suka kare wasan shi ne Daniel Igali, haifaffen jihar Bayelsa, wanda ya ci wa Kanada zinare a Sidni a 2000, daga baya kuma ya shugabanci hukumar kokawa ta Najeriya. Kokawa ta sami ƙuri'a 49 ta tsira da gurbinta, wasan besbol da takwararsa na mata suka sami 24, sikwash ya sami 22.

Har yanzu akwai abin gyara, kuma mafi damuna shi ne yadda 'yan wasa ke azabtar da kansu da yunwa da ƙishirwa domin su shiga ajin da ke ƙasa da nauyinsu na ainihi. A Faris a 2024, Vinesh Phogat ta Indiya ta kai wasan ƙarshe, amma da safiyar ranar aka auna ta aka tarar ta ɗara kilo 50 da giram 100 kacal, aka soke ta, ta tashi ba zinare ba azurfa. Wannan dalili ne na sake duba tsarin awo, bai kai a ce a rufe fili ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Maraɗi ne, kuma duk shekara ba na barin gasar takobi ta wuce ni. Tun da kokowa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar, me ya hana 'yan kokowarmu ciyo lamba a Olamfik?

AMSA: Barka kadai, Malam, tambayarka ta zo a kan gaɓa. Gasar takobi, wato gasar kokowar gargajiya ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana tara 'yan kokowa 80, goma daga kowace jiha cikin jihohi takwas, kuma sunaye irin su Kantu na Maraɗi da Issaka Issaka na Dosso ba sa buƙatar gabatarwa a ko'ina cikin ƙasar. Duk da haka, lambobin Olamfik biyu da Nijar ke da su ba daga kokowa suka fito ba: tagullar Issaka Dabore ta 1972 a damben zamani ce, azurfar Abdoul Razak Alfaga ta 2016 kuma a tekwando.

Babban dalilin shi ne bambancin doka. A kokowar gargajiya da zarar an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, makaɗa su ɗauka, magoya baya su ɗaga gwaninsu sama. A katifar Olamfik kuwa kayarwa maki biyu ce kawai a mafi yawan lokuta, kuma daga nan ne wani sabon aiki yake farawa, na juya mutum a ƙasa da hana shi juya ka, wanda ɗan kokowar yashi bai taɓa koyonsa ba tun yana yaro. Sannan a gasar takobi ba a raba mutane da nauyi, kuma hanyar zuwa Olamfik tana bi ne ta gasannin neman gurbi a ƙasashen waje, waɗanda ke buƙatar kuɗin tafiya da horo na shekaru, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Akwai ma maganar riba, domin wanda takobi zai kawo wa kuɗi da kyaututtuka da suna a gida ba shi da wani abin da zai ja shi ya koma ɗalibi a wani salon da babu mai kallonsa a garinsu.

Hanyar da na ga ta fi kusa ita ce kokawar yashi da hukumar kokawa ta duniya ta tsara wa dokoki, wadda ake yi a tsaye cikin da'ira mai faɗin mita 7, a minti uku, kuma wanda ya fara tara maki uku shi ya ci. Wannan salon ɗan'uwan namu ne na jini, kuma an sanya shi cikin gasar Olamfik ta matasa da aka tsara yi a Dakar daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamban 2026, karo na farko da wata gasar Olamfik za ta sauka a nahiyar Afirka. Yaran da ke kokowa a filayen Maraɗi da Zinder da Argungu da Sakkwato sun riga sun mallaki mafi yawan abin da wannan salon ke buƙata, abin da ya rage shi ne hukumomin wasanni su tantance shekarunsu da nauyinsu, su koya musu yadda ake ƙidayar maki, su kuma biya musu kuɗin mota zuwa gasannin share fage.