Amsa ga Hajiya kan ƙaninta da aka sa wa injin numfashi

Hajiya, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce mota ta buge shi a kan babur a Aboabo, ranar farko har yana hira da ku, washegari sai ga shi a kan inji, kina tambaya ko sakaci aka yi. Na daɗe ina aikin nas a ɗakin ICU, wato ɗakin kula da marasa lafiyar da jikinsu ya yi tsanani, a nan Kumasi, kuma halin ciwon ke nan.

Idan ƙirji ya bugu da ƙarfi, huhu yakan ƙuje ta ciki ko da fata ba ta tsage ba. Jini da ruwa sai su riƙa tsatsafowa cikin 'yan jakunkunan iska, kamar soso ya sha ruwa. A hankali abin yake taruwa, yakan tsananta cikin awa 24 zuwa 48, har hoton ƙirjin farko yakan fito kamar ba komai. Babu allurar da ke goge shi. Riƙe mutum ake yi da iskar oksijin har huhun ya warke da kansa, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu idan nimoniya, wato ciwon da ƙwayar cuta ke sa wa huhu, ba ta shigo ba.

Abin da dangi ba su cika ganewa ba shi ne zafin haƙarƙari. Mai karyayyen haƙarƙari tsoron tari yake, sai ya riƙa jan numfashi sama-sama, majina ta kwanta, ƙwayar cuta ta samu wuri. Shi ya sa ake ba da maganin ciwo sosai, wani lokaci ta allurar baya. In an cire masa bututun numfashi za ki ga mun ɗora masa filo a ƙirji, ya rungume, muna ta matsa masa ya yi tari yana harararmu. Ba mugunta ba ce.

Ƙarin ruwa ma awo ake yi. Ya yi yawa, huhu ya ƙara jiƙewa. Ya yi kaɗan, ƙoda ta wahala. Kan gadon da kika gani a ɗage, da gangan ne, kada a sauke.

Roƙona ɗaya: kada kowa ya ɗiga masa zamzam, rubutu ko koko a baki yanzu, zai iya zarcewa cikin huhu. A shafa masa a goshi. Samarin unguwa masu cika ƙofar asibiti kuwa, ki tura su su ba da jini.