Na gasa ƙarfen gefen siki na tsoma a ruwa, in manna shi ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Calgary, ƙasar Kanada, kuma bana na ɗauki aikin haɗa siki, wato dogon faifan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi sulu kan dusar ƙanƙara, da hannuna a gareji. Na yanka robar tafi, wadda ke taɓa dusar daga ƙasan sikin, katakon ciki ma ya shirya. Ƙarfen gefe ne ya gagare ni. Sau biyu ina lanƙwasa shi wajen hancin sikin yana karyewa a hannuna. Wani abokina ya nuna mini bidiyo, ya ce in gasa shi in lanƙwasa, in sake gasa shi ya yi jajir, sannan in tsoma a ruwan sanyi don ƙarfinsa ya dawo. Na yi hakan, siffar kuma ta fito da kyau. Amma hankalina ya ƙi kwanciya, domin ƙanena ne zai fara hawa kansa. In manna ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Dakata, ɗan'uwa, kuma na ji daɗi da ka yi tambaya tun ifoksi, gam ɗin da ke haɗe sassan siki, bai bushe a kansa ba. Wannan wurin da ka tsoma a ruwa ba zai shiga cikin siki ba. Yanke shi, ka haɗa da kamar santimita 5 bayan inda launin ƙarfen ya sauya. Guntun kada ka jefar tukuna. Ɗaure shi a bais, wato matsen ƙarfe na teburin aiki, ka sa tabarau na kariya, ka goga masa magagari. Za ka ji magagarin yana santsi, ba ya cin komai. Sai ka ɗan taɓa shi da guduma. Ba zai lanƙwashe ba, tsinkewa zai yi ƙas, bakin karayar kuma toka-toka kamar fasasshen tangaran. Abin da kake shirin sa wa ƙanenka a ƙarƙashin ƙafa ke nan.

Wannan maganar tsomawa a ruwa ta ishe ni. A shagon da nake koyar da aikin nan a Ostiriya, da wuya a fara sabon aji ba a samu wanda ya zo da ita daga intanet ba. Mai bidiyo ya hura wuta, ya tsoma, tururi ya tashi, ya ɗaga ƙarfen ya nuna wa kyamara, bidiyo ya ƙare. Ba ya dawowa bayan wata biyu ya nuna maka hancin sikin. Mu da muka tashi muna leƙen maƙera maganar ta fi saurin shiga kunnenmu, domin mun ga maƙeri ya zaro gatari da awartaki ya tsoma a ruwa ya yi cuu, muka riƙe cewa ruwa ke ba ƙarfe ƙarfi. Abin da ruwa ke ba shi tauri ne, taurin kuma tare da gautsi yake zuwa. Maƙerin da ya san aikinsa ba ya tsayawa nan. Yana sake ɗumama ƙarfen a hankali, yana kallon launi na tafiya a jikinsa, daga ruwan ƙwai zuwa shuɗi, har gautsin ya ragu. Gatari yana da kaurin da zai ba shi lokacin yin haka. Ƙarfen gefe faɗinsa bai fi milimita 2 ba, a bakin wutar gas launukan nan duk za su wuce ka cikin 'yan daƙiƙoƙi kafin ka janye hannu.

Ƙarfen da aka sayar maka dangin wanda ake yin sifirin da shi ne, mai yawan kabon, kuma masana'anta ta riga ta taurara shi ta sassauta shi a tanderu mai auna zafi, daga farkon sandar zuwa ƙarshenta, galibi zuwa wajen 48 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell. An zaɓi wannan taurin ne don ya riƙe kaifi a kan ƙanƙara, ya kuma jure lanƙwasa duk lokacin da siki ya lotsa. Da ka kai shi jajir, ka haura digiri 727 na Selshiyas inda tsarin cikin ƙarfen yake sauyawa, ka goge aikin masana'anta gaba ɗaya. Da ka tsoma a ruwa, ka kai shi wajen 60 ko fiye, taurin da ba ya yafe ko ɗan motsi. Ruwan yana iya barin ƙananan tsaga da ido ba ya gani, musamman a gindin haƙoran da ke jere a jikin sandar, waɗanda gam ke kamawa. Dab da wurin kuma akwai inda zafi ya kai amma bai yi ja ba, shi ya yi laushi. Ka ga ka haɗa gilashi da waya a sanda ɗaya, kuma a mahaɗarsu ake karyewa.

Yanzu ka tuna inda ka sa shi. Hancin siki shi ne ke karkarwa ba hutawa idan ana gudu kan daskararriyar hanya, shi ke cin karo da ɗan'uwansa, shi ke fara dukan dutsen da dusar ƙanƙara ta rufe. Sanyi kuma yana ƙara wa irin wannan ƙarfe gautsi, ku kuma a lardinku na Alberta kun san digiri 20 ƙasa da sifili ba baƙo ba ne. Ranar da ya tsage, ruwa zai shiga ya daskare ya buɗa wurin, sai bakin ƙarfen ya ɗago waje kamar ƙugiya. Ko ya kama dusar ya juya mutum, ko ya sami ƙwaurinsa yayin faɗuwa. Rudolf Lettner, mutumin yankin Salzburg na Ostiriya da ya ƙirƙiro ƙarfen gefe a shekarun 1920, gajerun guntaye ya yi waɗanda ake ɗaurawa da ƙananan sukurori, in ɗaya ya lalace a kwance a sa wani. Namu na yau sanda guda ce binne cikin ifoksi da zaren gilas. Kuskuren da ka manna ya mannu.

Sai dalilin karyewar biyun farko. Na tabbata kana neman dukan kwanar a wuri ɗaya ne, ko kana wuce gona da iri sannan ka mayar baya. Ƙarfen yana lanƙwasuwa a tazarar da ke tsakanin haƙora, inda ya fi siranta. Kowace tazara ka ba ta ɗan kaɗan, ka matsa ta gaba, ka ɗora a kan samfurin katako ka duba, ka sake zagayowa. Zai ɗan komo baya idan ka sake shi, don haka ka ɗan zarce abin da kake so, amma kada ka yi ta kai da kawo a tazara ɗaya. Filaya mai haƙora a baki tana barin tabo, tabon kuma nan ne farkon karaya, ka goge bakin tata ya yi sumul ko ka nemi na'urar lanƙwasa mai gare-gare uku. Garejin ma ka ɗumama shi, ko ka shigo da sandunan ɗaki su kwana. Doguwar kwanar tsakiyar siki ba ta buƙatar komai, ƙarfen da kansa zai bi gefen robar.

Idan kwanar hancin ta yi tsanani har lanƙwasawa ba tare da wuta ba ta gagara, to a nan wuta ta halatta, amma don laushi kaɗai. Yi alama inda siki ke daina taɓa ƙasa, wuta kada ta wuce ta zuwa ciki, domin daga nan ne kake buƙatar kaifi. Rage hasken ɗakin, ka gasa har ja mai duhu ya fara bayyana, ka tsaya nan. In maganaɗisu ya daina kama shi, ka riga ka wuce. Ka bar shi ya huce da kansa a kan bulon wuta ko cikin busasshiyar toka. Kada ka hura masa iska, kada ka ajiye shi kan teburin ƙarfe mai sanyi, siririn abu ne, hakan ma na iya taurara shi. Wurin zai zauna da laushinsa, kuma babu laifi, hanci ba ya yankan ƙanƙara.

Wuta tana ƙone shafin da masana'anta ta yi wa haƙoran don gam ya kama, ta bar baƙin ɓawo. Ifoksi zai manne wa ɓawon, ɓawon kuma zai rabu da ƙarfen. Goge shi da samfefa mai kaushi har fari ya fito, ka share da asiton, sinadarin da ke wanke maiƙo, daga nan kada ka sake taɓawa sai da safar hannu. Kuma duk aikin wuta a gama shi nesa da robar tafi, ita tun wajen digiri 130 take narkewa.

Tun da sikin farko ne, shawarata kada ka zagaye hancin gaba ɗaya. Tsayar da ƙarfen 'yan santimitoci bayan inda hancin ya fara ɗagowa, ka cike sauran da robar hanci. Da haka ba ka buƙatar wuta ko kaɗan. Kafin ka ɗiga sufa gulu, kwantar da ƙarfen a gefen robar ka ɗauke hannunka. Idan ya zauna daram, haƙoransa kwance, ba tazara, ya yi. Idan sai ka danna da yatsa, koma ka gyara, domin ƙarfen da aka tilasta zai ja robar ta karkace. Ɗigo ɗaya bayan kowane haƙori huɗu ko biyar ya isa, kana yi kana sauya gefe, sauran guraben ka bar wa ifoksi.